Labarin Bincike da Matsalolin Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Marubutan Jos

Cikin matasan da ke turo mini rubutunsu in duba, akwai waɗanda labarin soyayya ya fara isarsu, suna son gwada labarin bincike: an yi kisa ko wani ya ɓace, ba a san wanda ya aikata ba, sai wani ya bi sawu har ya gano. Kusan dukkansu kuma suna son labarin ya taɓo abin da ke ci wa gari tuwo a ƙwarya, ko shaye-shaye, ko sara-suka, ko 'yan aiki ƙanana, ko tabon rikicin da Jos ta sha. Tambayoyinsu kan yi kama da juna, shi ya sa na tara su a nan tare da amsar da nake bayarwa.

Mene ne labarin bincike, kuma me ya raba shi da sauran labaran tashin hankali?

Labari ne da aka gina a kan tambaya guda: wa ya aikata? A labarin guje-guje da harbe-harbe tun shafin farko an san mugu, jira kawai ake a ga yadda za ta kaya. A labarin bincike kuwa mugun yana cikin mutanen da mai karatu yake gani kullum, yana gaisawa da kowa, har zaman makoki yana zuwa. Sharaɗinsa mafi girma shi ne adalci ga mai karatu. Duk alamar da mai binciken ya gani, mai karatu ma ya gan ta, ko da bai gane nauyinta ba sai daga baya. Ba a warware shi da mafarki, ko da boka, ko da wani baƙo da ya faɗo a babin ƙarshe.

Masana adabi kan ɗauki wani gajeren labari da Edgar Allan Poe na Amurka ya fitar a 1841 a matsayin mafarinsa, sai ƙagaggen mai bincike Sherlock Holmes ya bayyana a Ingila a 1887 ya sa duniya ta san salon.

Ai nishaɗi ne. Me ya kawo matsalolin al'umma ciki?

Laifi ne ya kawo su. Ruwa ba ya tsami banza. Da zarar mai bincike ya fara tambayar dalilin kisa, dole ya shiga gidajen mutane, ya ji wa ke bin wa bashi, wa aka yi wa auren dole, filin wa aka cinye, ɗan wa ya fi ƙarfin doka. Babu wani irin labari da ke ba marubuci lasisin shiga falon attajiri da safe, da ɗakin almajirai da rana, da bayan kantar 'yan sanda da dare kamar wannan.

Wasu marubutan sun yi haka da gangan. Maj Sjöwall da Per Wahlöö na ƙasar Suwidin sun rubuta littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975 a kan ɗan sanda guda da abokan aikinsa, da nufin nuna ɓarakar da ke ƙarƙashin ƙasar da ake ta yabo da jin daɗi. Walter Mosley a Amurka ya fito da baƙar fata mai bincike a 1990, ya ajiye shi a birnin Los Angeles na 1948, inda launin fatarsa ke buɗe masa wasu ƙofofi yana rufe masa wasu. Mutane sun saye su ne don son sanin wa ya yi kisan, sauran kuma ya biyo su har gida.

To yaya zan shigar da matsalar ba tare da labarin ya koma wa'azi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma nan ne mafi yawan rubutun da nake gani ke tuntuɓe. Marubuci zai tsayar da labari cak, ya sa wani malami ko lauya ya yi shafi uku yana bayanin illar talla, sannan a koma ga gawa. Mai karatu tsallake shafukan yake yi, kuma yana da gaskiya.

Ga gwajin da nake ba kowa. Cire matsalar daga labarinka. In laifin zai iya faruwa duk da haka, kuma binciken zai tafi yadda ya tafi, to liƙa ta ka yi. Matsalar tana da wurin zama biyu kawai: ko ita ce ta haifar da laifin, ko ita ce ke hana a gano shi. In ta zama duka biyun, ka dace.

Misali. Yarinya 'yar shekara 13, an kawo ta daga ƙauye tana aikatau a wani gida. Wata safiya aka wayi gari ba ta nan. Uwar ɗakinta ta ce ta sace 'yan kunnen gwal ta gudu, unguwa kuma ta yarda, don an saba jin haka. Mai binciken ta shiga lungun da yarinyar ke kwana, kusa da madafa. Tabarma a naɗe, silifas ɗinta ɗaya tilo yana bakin ƙofa, a bayan buhun gawayi kuma ga gwangwanin madara da aka huda murfinsa, cike da 'yan hamsin-hamsin da ta tara. Wadda ta shirya gudu ba ta barin asusunta, ba ta kuma fita ba takalmi a sanyin Disamba na Jos. Daga nan sai tambayoyi su biyo juna. Wa ke karɓar albashinta? Wata dillaliya ce mai kawo yara, duk wata ita ake ba. Iyayenta sun san gidan da take? Ba su sani ba, dillaliyar kaɗai suka sani. Tana da takardar haihuwa, ko hoto, ko suna a rajistar wata makaranta? Babu ko ɗaya. Wa zai kai ƙara ke nan?

Ka ga ba wanda ya yi huɗuba a kan aikatau. Amma kowace hanya da ta toshe wa mai binciken, matsalar ce ta toshe ta, kuma mai karatu da kansa zai ji ciwon cewa yarinya na iya ɓacewa a garin nan ba a sami wanda zai neme ta ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin yara tun 2003, a shekarar ne kuma aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Kana iya sa wannan a bakin wani cikin jimla ɗaya a lokacin da ake buƙatarsa, ba sai an karanto sashe-sashe ba.

Dole ne mai binciken ya zama ɗan sanda?

A'a. Ɗan sandan ciki yana da amfani, don yana da ikon kamu da ganin fayil, kuma yana kawo nasa matsalolin: ba mai a mota, mai ƙara ne zai sayi takarda da biro, waya na shigowa daga sama a ce a sassauta. Ɗan sanda mai gaskiya a cikin wannan hali labari ne shi kaɗai, kuma ina roƙon marubuta su daina mai da kowane mai kaki maciyin hanci. Akwai masu ci, akwai kuma waɗanda ke kwana a caji ofis a kan shari'ar marayan da ba zai taɓa ba su ko sisi ba.

Amma a garinmu mutane ba su cika sakin baki gaban kaki ba. Saboda haka ku duba waɗanda ake sakewa da su: ma'aikaciyar jinya, malamar Islamiyya, ɗan jarida, ungozoma, sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Farin Gada, tsohon soja da ya koma shugaban 'yan sintiri. Mace mai bincike tana da wata dama da namiji ba shi da ita, tana shiga har ƙuryar ɗaki inda "ba shiga" ta tsayar da shi a zaure. Abin da kawai za ka tanada shi ne dalili mai ƙarfi da ya hana ta cewa ba ruwana, domin a zahiri yawancinmu haka muke cewa.

Mu da muke binne mamaci cikin 'yan awoyi, ba binciken gawa, ina za a sami hujja?

Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas, shi ne arzikin labarinka. Marubutanmu da yawa suna kwaso abin da suka gani a finafinan waje, a ɗauki gashi a kai ɗakin gwaji, kafin la'asar an san mai shi. Mai karatu a Gangare ko Unguwar Rogo ya san ba haka abin yake ba. Ya san ana rasuwa da asuba a yi jana'iza kafin azahar. Ya san dangi kan ce ba za a yanka musu gawa ba, sun bar wa Allah. Sau tari da zuciya ɗaya ake faɗin haka, wani lokaci kuma akwai wanda ya fi kowa gaggawar a yi sutura, kuma yana da dalili. Aikin mai bincikenka ya rarrabe su.

Ka tuna da wadda ta yi wa gawar wanka. Dattijuwa ce, ita ta juya hannun, ta ga shatin igiya a wuyan hannu biyu, ta ɗan dakata da butar, sannan ta ci gaba, ta ɗaure likkafani. Tarbiyyar da aka yi mata ita ce mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci. Yanzu tana tsakanin rufin asirin da ta ɗauka ibada ne da haƙƙin ran da aka zalunta. Ranar da za ta buɗe baki, da wanda za ta buɗe wa, da abin da zai sa ta buɗe, sun ishe ka babi uku masu rai.

Sauran shaidun ma a titi suke. Mai shayi ya san wanda ya wuce ƙarfe biyun dare. Ɗan Keke yana tuna fasinjan da ya ba shi dubu bai jira canji ba. Mai cajin waya ya san wayar da aka kawo ba a dawo karɓa ba, mai POS kuma yana da littafin da yake rubuta suna da lamba. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, amma samun bayanan kira daga kamfani sai ta hannun hukuma, ba abin da malamar makaranta za ta danna ta gani ba ne.

Zan iya rubutu a kan rikicin Jos, ko gara in kauce?

Kana iya yi, kuma a ganina ya kamata wasu su yi, amma da sani da tsoron Allah. Waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu su ne za su karanta ka. Fara da riƙe tarihin daidai: rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002, rikicin Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, na Janairun 2010, da tagwayen bama-baman Terminus na 20 ga Mayu 2014. An kafa kwamitocin bincike, na Mai shari'a Niki Tobi a kan na 2001, na Bola Ajibola a kan na 2008. Kada ka gauraya waɗannan, kada kuma ka ƙirƙiro adadin matattu. Mutumin da ya rasa ɗan'uwa a 2008 zai gane kuskuren nan take, kuma daga nan ya daina yarda da kai.

Shawarata ita ce kada ka yi ƙoƙarin yanke wa rikicin hukunci gaba ɗayansa, ya fi ƙarfin littafi guda. Ɗauki rai ɗaya. A ce mutum ya mutu cikin kwanakin dokar hana fita, kowa ya ɗauka rikici ne ya ci shi, aka sa shi cikin lissafi. Bayan shekaru ɗiyarsa ta ci karo da takardar cinikin gidansu mai kwanan wata mako biyu kafin rasuwar, da sa hannun da bai yi kama da nasa ba. Ashe wani ne ya fake da hargitsi ya biya buƙatarsa. Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda aka yi ta sayar da gidaje a wulaƙance ko musayarsu bayan kowane tashin hankali, har unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Don ta gano gaskiya, dole ɗiyar nan ta tsallaka unguwar da aka haife ta amma ta daina shiga, ta nemi tsohuwar maƙwabciyar da ta taɓa goya ta. Da wannan tafiyar kaɗai za ka nuna abin da aka yi asara fiye da jawabin zaman lafiya.

Mai laifin fa, in ya fito daga wata ƙabila ko wani addini, ba za a ce na yi ɓatanci ba?

Za a ce, in ka sa shi ya zama wakilin mutanensa. Mai laifi ya aikata ne don kwaɗayinsa, ko tsoronsa, ko kishinsa, dalilin da kowane ɗan Adam zai gane. In shi kaɗai ne Birom ko Bafulatani ko Bahaushe ko Ibo a littafin, kuma shi ne mugun, ka yi zalunci ko ba ka nufa ba. Cika garin da mutane kamar yadda yake cike, kowane ɓangare da nagari da ɓatacce.

Zargin da aka gada ma kayan aiki ne. Bari unguwa ta nuna wanda ta saba nunawa, baƙo, ko ɗan shaye-shaye, ko wanda ba ya sallah tare da ita. Bari mai karatu ya bi su. In gaskiya ta fito aka ga na gida ne, mai karatu zai tambayi kansa me ya sa ya yi saurin yarda.

In sa sunayen unguwanni da mutane na gaske?

Unguwanni da tituna, ƙwarai. Rikkos, Dilimi, Katako, Bukur, titin Bauchi, tsofaffin kududdufan haƙar kuza, duk suna sa labari ya zauna da gindinsa. Amma gidan da aka yi laifin, da makarantar, da asibitin, da kamfanin, da mai unguwar, ƙirƙiro su. Kada ka ɗauki shari'ar da ke gaban kotu ka sauya harafi ɗaya a sunan mutum. Ɓata suna laifi ne, ƙagaggen labari kuma ba ya kare ka in kowa ya gane wanda kake nufi.

Wace doka ce ya kamata in sani kafin in fara?

Kaɗan ce, amma ka san ta sosai. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko tsawon lokacin da kotu ta ga ya dace, sai dai wannan ƙa'idar ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uwa don ɗanta ya gudu. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, wata ta shekarar kuma ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Beli a caji ofis kyauta ne a rubuce. Shari'ar kisan kai ba ta ƙarewa a kotun majistare, babbar kotu ce ke yin ta.

Amfanin sanin wannan shi ne ka ga tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi, don a cikin tazarar nan labarinka yake. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Saboda haka in an kama wanda bai ji ba bai gani ba a babi na huɗu, mai karatu ya san ba wasa ba ne, yana iya shekaru a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai bincikenka gaggawa.

Fyaɗe da shaye-shaye fa, har ina zan kai wajen bayyanawa?

Fyaɗe ba a nuna shi, abin da ya biyo baya ake nunawa: taron dangi a zaure, maganar "a rufa asiri kada ta rasa miji", kuɗin da aka turo a kashe wuta, da yarinyar da ba wanda ya tambaye ta abin da take so. Ka ba ta suna da hali da buri kafin abin ya same ta, kada ta zama dalilin fara labari kawai. Duk rubutun da ya mai da wahalarta abin jan masu karatu, ni ba na ƙarasa shi.

A shaye-shaye kuma kada ka tsaya a kan yaron da ke layi a bakin kwata, shi kowa ya gan shi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kaya mai yawan haka ba a aljihun yara yake tafiya ba. Bi kwalbar baya, daga yaron zuwa mai shago, zuwa mai sito, zuwa wanda ake ba kujerar gaba a ɗaurin aure. Sai dai kada littafinka ya koya wa kowa yadda ake haɗi.

Matsala nawa zan iya ɗauka a littafi ɗaya?

Ɗaya, da abin da ya rataya a jikinta. Wanda ya haɗa bara da garkuwa da mutane da maguɗin zaɓe da auren wuri a littafi guda ba zai yi wa ko ɗaya adalci ba. Ajiye sauran, mai bincikenka zai dawo a littafi na biyu.

Dole ne a kama mai laifin a ƙarshe?

Dole ne mai karatu ya san shi, wannan alkawari ne da ka ɗauka tun shafin farko. Hukunci kuwa wata magana ce. Kana iya kai shi kotu. Kana iya barin yaron da aka aika ya shiga hannu, wanda ya aike shi kuma ya tafi Umara. Masu karatunmu suna son ganin sakayya, kuma ban ga laifinsu ba, amma sakayya ba lallai ta zama haɗarin mota da ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe ba. Ta fito daga cikin labarin: matarsa ta gane, abokin cinikinsa ya janye, ya shigo masallaci sahu ya yi masa wani irin shiru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a nuna kama mutum ɗaya ya kawar da matsalar. An kama wanda ya kashe 'yar aikin, amma dillaliyar tana tasha ranar kasuwa tana jiran mota mai zuwa.

Ina sakin labarina babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Salon nan zai yiwu a haka?

Zai yiwu, har ma ya dace da shi, tunda kowane babi na iya ƙarewa da sabuwar tambaya. Amma labarin soyayya ne ake iya farawa ba a san ƙarshensa ba, wannan ba a yi masa haka. Kafin ka saki babi na ɗaya, rubuta wa kanka a takarda wa ya yi, yaushe, da me, don me, wa ya gani, wa ya yi ƙarya kuma me yake ɓoyewa. Jera awoyin ranar da abin ya faru daga asuba zuwa asuba, ka san inda kowa yake, domin abin da ka riga ka saka a babi na uku ba ya gogewa daga wayoyin mutane. Masu karatu za su yi ta hasashe, wani ma zai canka daidai tun da wuri. Kada ka sauya mai laifin don ka kunyata shi, alamun da ka shuka a baya duk za su tashi a banza. Ka kuma ba wani wanda ya san aikin, lauya ko ma'aikacin asibiti ko ɗan sanda mai ritaya, ya karanta babin da ya shafi fanninsa kafin ka tura.